Inbata Bahaguwa

Duk gidan da aka haifi yaro mai son ganin cikin abu, a yi wa mutanen gidan jaje tun da wuri. Auta, ɗan gwaggona, bai cika shekara bakwai ba ya farke rediyon babansa don ya ga mutumin da ke magana a ciki. Bai same shi ba. Da ya mayar da murfin sai rediyon ya koma kama tasha biyu a lokaci ɗaya, mai labarai na magana mai waƙa na katse shi, kuma haka gidan suka yi ta saurare har shekara uku. An zane shi ranar, amma dukan a fata ya tsaya. Kafin ya gama firamare ya kwance agogon bango, da tocila huɗu, da kwaɗon ɗakin kakarsu tana ciki tana barcin rana.

Yau Auta ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a gida har gobe Auta ne. A titi kuwa Injiniya ake ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana, shi kuma rabin farkon kawai yake ji. Shagonsa na gyaran kayan lantarki yana ƙarƙashin matakalar wani bene, ƙanƙantarsa ta kai in ya yi miƙa sai ya nemi afuwar bango biyu. Ciki gawarwakin fanka ne da talabijin da dutsen guga jibge har rufi, wasu masu su sun rasu, magada ma sun manta da su. Ba ya yar da komai. Ka ɗauki guntun waya da bai kai farce ba ka nufi kwandon shara, sai ya dube ka kamar ɗansa ka ɗauka.

Aikinsa yana kyau, a nan ba za a yi masa ƙarya ba. Cutarsa ɗaya: bai iya gyara abu ya yi shiru ba. Ka kai masa fanka ya gyara ta a minti goma, sannan ya tsare ka awa guda yana zagin wanda ya ƙera ta, da wanda ya koya wa wanda ya ƙera ta.

'Yan'uwansa duk sun gina nasu sun watse, shi ya zauna a gidan da aka haife su, da matarsa tela, da Inna mahaifiyarsu. Ɗakin Inna yana da taga mai kallon titi, kuma shekara hamsin da 'yan kai babu abin da ya wuce ta titin nan ba da saninta ba. Kullum kafin ya tafi shago sai ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta yi masa faɗa a kan abu ɗaya, ko hularsa ko ramarsa ko wani laifi da ya yi yana aji uku. In bai sha faɗan nan ba, ranar ko dalma ba ta narke masa daidai.

Sai ciwon suga ya kama Inna, likita ya ɗora ta a kan allura, irin wadda dole ruwanta ya zauna cikin sanyi. Wutar unguwarsu kuwa zuwa take kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya, ta leƙo ta ce au, ba nan ba ne, ta juya. Yaya, babban wansu, mai gida a can ɗaya ƙarshen gari inda wuta ba ta ko ƙiftawa, ya sayo inbata a kasuwa, wato akwatin nan da ke karɓar wutar batir ya mai da ita irin ta gida. Aka haɗa da batir biyu da faifan sola a kan rufi, aka jona firijin Inna. Wata huɗu ta yi tana aiki. Ranar da zafi ya fi kowace rana, ta yi tari sau ɗaya ta mutu.

Auta ya buɗe ta da murna, don a ganinsa ranarsa ce ta zo. Sai ya tarar komai a kan fanel ɗaya, an kuma malale shi da wani baƙin danƙo mai tauri kamar kwalta. Fanel shi ne faifan nan mai layukan jan ƙarfe da ake dasa ƙananan kayan a kai. Ya ƙwaƙule, ya gasa, ya roƙa, ya zaga, danƙon bai motsa ba. Kwana uku ba wuta, ƙanƙarar da ake sayowa tana narkewa kafin a iso gida, maganin ya lalace ba wanda ya sani, Inna ta kwana biyu a asibiti.

Ranar da aka sallamo ta Yaya ya tara su a falo. Yaya mutum ne da in zai yi magana sai ya fara cire tabarau ya goge, don kowa ya san magana ce za ta fito.

"Na gyara mata ɗaki a wurina," ya ce. "Ba shawara na zo nema ba."

Inna ta dubi tagarta ta ƙofar falon. Auta ya ga kallon.

"Yaya, ka ba ni sati biyu. Ni zan haɗa wata da hannuna."

"Kai? Wadda kamfani ya yi ma ta ƙone."

"Ai don kamfani ne ya yi! Wane mai hankali ne zai zuba komai a fanel ɗaya? Abu ɗaya ya mutu, a binne su duka tare? Ni tawa gida-gida zan yi ta, kamar aljihunan tebur. Wanda ya ƙone a zare shi a tura wani. Ka ga, shi mai ƙirar nan, da ma tun daga wayarsa…"

"Auta, ba fanka na kawo maka ba. Asabar ta sama zan zo da mota tun da safe. Ni da kaina zan cire wutar gidan, in zauna gaban firijin nan har la'asar. In ya tsaya, Inna ta shiga mota. Ka yarda?"

Ya yarda, da ƙarfi ma, har da buga ƙirji. Sai da motar Yaya ta sha kwana ya tuna bai taɓa zana fanel ba a rayuwarsa, na mutane kawai yake zagi.

Satin farko a kan wata tsohuwar kwamfuta ya ƙare, wadda mai ita ya kawo gyara ya yi ƙaura. Ya rufe shago rabi, duk wanda ya zo da fanka ya ce masa ya je ya sayi mafici. Fanel biyar ya zana. Ɗaya ya kira shi mai kiɗa, don shi ke ba sauran taki. Ɗaya mai gadi, wanda zai yanke wuta in nauyi ya yi yawa. Uku kuma 'yan dako, masu ɗaukar nauyin firijin: biyu a bakin aiki, ɗaya a ajiye don ranar tsiya. A kusurwar kowane zane ya rubuta INJINIYA da ƙananan baƙaƙe, saboda tarihi.

Yadda ake mai da zane ya zama fanel a gida kuwa, wanda ya ƙirƙiro shi ba shi da mata. Za a buga zanen a takarda mai santsi, a kifa ta a kan faifan jan ƙarfe, a danne da dutsen guga mai zafi har tawadar ta manne, a jiƙa takardar ta saɓule, sannan a tsoma faifan cikin ruwan asid ya cinye duk inda babu tawada. Takarda mai santsi, kalandar falo ce ta bayar, aka wayi gari shekara ta ƙare a watan bakwai. Robar asid, wadda matarsa ke jiƙa wanki ce. Layin da aljihunan za su riƙa zamewa a kai, ƙarfen labulen falo ne. Ta dawo daga kasuwa ta tarar da labule a ƙasa kamar an yi fashi.

"Injiniya," ta ce, don da wannan sunan take kiransa in ranta ya ɓaci, "ka gaya min abin da ya rage a gidan nan da ba ka sa wa ido ba, in je in zauna a kansa."

"Madam, haƙuri za ki yi. Kimiyya ce."

"Kimiyyar ba ta san hanyar kasuwa ba ne, sai ɗakina?"

Jikin shagonsa akwai wani mai shagon buga takardu, ana ce masa Mai Firinta. Mutum ne tsaf-tsaf, biro uku a aljihu, wanda in ka kai masa wasiƙa sai ya gyara maka ita ko ba ka roƙa ba. Ya taɓa gyara wa wani takardar koke har ta koma ta godiya. Ranar Litinin Auta ya miƙa masa zanen da guntayen kalanda, ya ce a buga yadda yake, ya koma kan wani talabijin da mai shi ya tsaya masa a ka. Da yamma Mai Firinta ya kawo takardun da kansa cikin ambulan, yana wani murmushi irin na wanda ya yi alheri a ɓoye.

Talata da azahar aka kawo wuta. Auta ya bar shago a buɗe ya kwasa gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya fizge dutsen guga daga hannun matarsa tana tsakiyar goge ɗinkin mutane, ya zazzage ambulan, ya kifa takardu biyar a kan faifai biyar ba tare da ya ko dube su ba, ya hau dannawa da duk nauyinsa yana gumi yana roƙon wutar ta yi masa minti ashirin. Ta yi masa sha tara. Ya isa. Ya tsoma su a asid a tsakar gida, ya kafa kujera ya hana ko kaza giftawa. Laraba ya wuni yana huda ramuka da wani ɗan injin da ya haɗa da motar tsohuwar rakoda. Shi ya ce rami ɗari uku ne, matarsa da ta share garin ta ce dubu ne.

Da yammacin Larabar ya wanke fanel na farko, ya ɗaga shi a hasken taga don ya more kallon sunansa. Sunan na nan kuwa, yana sheƙi, sai dai daga dama ya faro ya nufi hagu, kowane baƙi ya ba shi baya. Ya ɗauki na biyu. Haka. Har na biyar. Duk layin da ya kamata ya bi dama ya bi hagu. Kwana goma na aiki, kowane fanel ya fito kamar yadda zai fito a madubi.

Alhamis tun Mai Firinta bai gama buɗe ƙofa ba ya same shi.

"Malam, me ka yi wa zanena?"

"A'a, ka lura ashe!" Mai Firinta ya washe baki. "Ai ina buɗewa na ga sunanka a juye. Na ce kai, babban mutum kamar Injiniya, a ga wannan a yi masa dariya? Nan take na juya maka su duka biyar. Ban ma so ka sani ba."

"Wa ya aike ka?"

"Ai ba sai an aike ni ba, maƙwabtaka…"

"Da gangan na juya shi! Kifa shi ake yi! Ka taɓa ganin hatimi? Ɗauko hatiminka ka duba gindinsa, a juye yake ko a daidai?"

Mai Firinta ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko hatimi, ya juya, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce. "Shi ma ashe ba su gyara ba."

A karo na farko a tarihin titin nan, Auta ya bar wuri bai zagi kowa ba. Ya hau mota ya tafi kasuwar 'yan kayan lantarki, ya zaga rumfa-rumfa. Faifan jan ƙarfe ya ƙare, sai wani satin. Biyar ɗin nan da ya ɓata su ne na ƙarshe a garin, in ka ji daga bakinsa ma a duniya.

Ya dawo gida da rana tsaka ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ɗinki, fanel biyar a cinya, kamar mai zaman makoki. Ta tagar tsakar gida yana hango Inna ta sauko da akwatinta daga kan kwaba tana goge ƙura a hankali. Ba ta ce za ta haɗa kaya ba. Gogewa kawai take. Wannan ya fi masa zafi a kan duk faɗan da ta taɓa yi masa.

Matarsa ta tsayar da keke.

"Wa ya mutu?"

Ya gaya mata, a gajarce, abin da ya nuna lallai ba shi da lafiya. Ta miƙo hannu ta karɓi ɗaya, ta juya gaba ta juya baya.

"Ramukan nan sun fita ta baya?"

"Rami ne, ina zai tsaya?"

"Kayan ta wace fuska kake sa su?"

"Ta fuskar da babu jan ƙarfe. Ƙafafunsu su ɓullo ta baya a sa musu dalma. Haka ake yi tun da aka fara lantarki."

"To ka sa su ta ɗaya fuskar mana. Ni in na yi kuskure na yanka hannun riga biyu duk na hagu, ba kuka nake zama yi ba. Juya ɗaya nake, ya zama na dama."

"Madam, wannan ba yadi ba ne. Ilimi ne mai zurfi. Akwai abubuwan da in na fara yi miki bayani…"

Ya karɓi faifan, ya ɗaga shi a haske, ya juya. Ya ɗauko wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas daga aljihu, ya ɗora ta fuskar jan ƙarfen, ya bi ƙafafun da farce ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Kowace ƙafa ta faɗa kan layinta.

"Da ma abin da nake shirin yi ke nan," ya ce.

"Na sani," ta ce, ta taka kekenta. "In ka gama shirin, ka sayo min roba."

Wahalar ita ce, yanzu dalmar a ƙarƙashin kayan za ta zauna, don haka dole ya bar wa kowanne dogayen ƙafafu yadda bakin ƙarfe zai shiga. Ba wuta, a kan risho yake gasa ƙarfen dalmar, ya ɗiga biyu ya huce, ya mayar. Alhamis da Juma'a bai san kalar titi ba. Da ya gama, kayan suna tsaye cirko-cirko a kan fanel kamar balbelu a fadama. Kuma tunda fanel sun juye, dole komai na akwatin ya bi su: wayar batir ta koma hagu, fitila ta koma hagu, makunnin ma in ka ɗaga sama kashewa ne, in ka danna ƙasa kunnawa. Matarsa ta leƙo ta ce wannan ai bahaguwa ce, sunan ya bi ta.

Asabar Yaya ya iso da mota a wanke, an ajiye matashin kai a kujerar baya saboda Inna. Ya gaida ta, ya zo baranda ya tsaya a kan akwatin. Tsohon akwatin ƙarfe ne na ajiye fayil, an yanka masa baki huɗu, kowane aljihu da marikin da aka ciro daga murfin tukunya.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Yaya."

"Akwai guga da ruwa kusa?"

Ya je da kansa ya cire wutar gidan, duk da babu ita, ya cika kofi da ruwa ya sa a saman firijin inda ake ƙanƙara, ya ja kujera ya zauna a ƙofar ɗakin Inna. Auta ya yi bisimilla ya danna makunni ƙasa. Fitila ta kawo. Akwatin ya ɗauki wani siririn kuka kamar sauro mai mura. Firijin ya girgiza, ya yi gyaran murya, ya kama aiki.

Awa ɗaya. Awa biyu. Awa huɗu. Auta yana tsugune gaban akwatin yana taɓa aljihunan da bayan hannu kamar mai jinyar jariri. Da ya ga azahar ta wuce lafiya sai bakinsa ya dawo, ya fara yi wa Yaya bayanin aikin mai kiɗa. Yaya ya rufe ido. Can cikin ɗaki Inna ta ga babban ɗanta ya wuni a ƙofarta ko ruwan zafi bai sha ba, abin ya dame ta. Ta duba ta ga fitilar soket ɗin da firiji ke ciki tana ci, ga kuma rami ɗaya a banza. Ta ɗauko butar lantarkin da Yayan ya taɓa kawo mata, ta cika ta, ta jona.

Kukan sauro ya koma na akuya. Mai gadi, wanda aka yi shi domin wannan lokacin kaɗai, ya tsaya tunani. Kafin ya yanke shawara, wani abu ya ce tas, hayaƙi ya turnuƙe daga aljihu na uku, wari ya cika baranda. Firijin ya yi ajiyar zuciya ya yi tsit.

Yaya ya miƙe, ya laluba aljihu, makullin mota ya yi ƙara.

"Inna, me kika jona?" Auta ya faɗa ɗakin.

"Shayi zan dafa wa Babba. Ba kai ka ce akwai wuta ba?"

"Ta firiji ce, Inna! Buta ai ta fi firiji goma ci!"

"Wannan 'yar abar? To wa ya gaya min? Kai kullum surutu, abin da ya kamata ka faɗa ba ka faɗa."

Ya fizge wayar butar, ya dawo baranda. Ya kama marikin aljihu na uku, ya ƙone shi, ya saki, ya yarfe hannu. Matarsa ta jefo masa tsumman sauke tukunya. Ya zare fanel ɗin baƙi ƙirin yana hayaƙi, ya ajiye a ƙasa, ya ɗauko ɗan dakon ajiya ya tura har ya ce ƙwas. Ya ɗaga makunni sama. Shiru. Ya sake ɗagawa. Shiru.

"Ƙasa, Injiniya," matarsa ta ce. "Kai ka haife ta."

Ya danna ƙasa. Fitila ta kawo, sauro ya dawo. Firijin dai bai motsa ba.

"Sai ya huta minti uku," Auta ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Haka suke in sun tsaya. Ba ni na ƙera shi ba."

Ba a taɓa yin minti uku masu tsawon waɗannan ba. A cikinsu mutum zai iya zuwa kasuwa ya dawo. Yaya na kallon agogo, Auta na kallon firiji, Inna na kallon su biyun. Sai firijin ya girgiza, ya ci gaba da aikinsa kamar ba shi ba.

Yaya ya cire tabarau ya goge.

"Aiki ya yi kyau, Auta, ban zata ba. Amma magana muka yi. Na ce in ya tsaya. Ya tsaya."

Gaskiya ce, Auta ma ya sani. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsansa da ya fara tashi.

"Kuma ka gaya min," Yaya ya ci gaba, "yau kana nan. Ranar da kake shago fa? Wa zai zare wannan abin?"

Inna ta dafa ƙofa ta fito.

"Matsa," ta ce wa Auta. "Kashe ta. Wanne ne ya yi hayaƙin?"

Ya ɗaga makunni, ya nuna mata. Ta naɗe hannu da tsumma, ta kama mariki ta zare fanel ɗin, ta dube shi sama da ƙasa kamar kifin da za ta saya, ta mayar ta tura da tafin hannu har ya ce ƙwas. Ta danna makunni ƙasa ba tare da an gaya mata ba.

"Shi ke nan abin? Na raini bakwai, har da wannan da ya fi shida wuya, aljihun tebur ne zai gagare ni?"

"Inna, lafiyarki nake dubawa," Yaya ya ce. "Kwananki biyu a asibiti."

"Na sani, Babba, Allah ya yi maka albarka. Ka zauna dai, la'asar ba ta yi ba."

Ya zauna, don ba a musu da Inna a tsaye. Firijin ya sake cin minti ukunsa ya tashi. Da aka kira la'asar Yaya ya buɗe, ya taɓa kwalaben maganin ɗaya-ɗaya, ya ɗauko kofin ya kifa a tafin hannu. Ƙanƙara ta faɗo, tsakiyarta da ɗan ruwa, amma ƙanƙara ce. Ya daɗe yana kallonta tana narkewa a hannunsa.

Inna ta shiga ɗaki. Auta ya ji motsi wajen kwaba, inda akwatinta yake. Sai ga ta ta fito da butar, ta zubar da ruwan, ta naɗe wayar tsaf, ta miƙa wa Yaya.

"Ga mai laifin. Ita za ka tafi da ita, can wurinku wuta ta ishe ta. Ni ina nan."

Yaya ya dubi butar, ya dubi Inna, ya dubi ƙaninsa.

"Wanda ya ƙone ɗin nan, yaushe za ka gyara?"

"Gobe, Yaya."

"Yau. Kuma ka yi wasu biyu ka ajiye. Shi kuma mai gadin naka ka tashe shi daga barci. Kuma a toshe ramin soket ɗin nan. Zan riƙa zuwa duk Asabar ina dubawa, ranar da na taɓa kwalba na ji ɗumi ba zan ko yi sallama ba."

Haka motar da aka wanke domin Inna ta fita daga layin da buta zaune a kan matashin kai. Auta ya tsaya a ƙofar gida har ta ɓace. Ya juyo yana jin kansa kamar ya taɓo rufi, ya buɗe baki zai fara bayanin yadda tun farko ya san haka za ta kasance.

"Auta," Inna ta kira daga taga.

"Na'am, Inna."

"Tunda akwatin naka ba ya shiri da buta, daga yau kai ne butar. Safe da yamma. Je ka kunna risho, kuma kada ka cika min ruwa."

"Inna, hannuna a ƙone yake."

"Ɗayan fa?"

Ya tafi kicin yana gunaguni, yatsa ɗaya a baki, yana neman ashana da hannun hagu.